Yatsan da ya ƙi miƙewa a tafkin Rutland

Ranar da abin ya fara ba ni tsoro, ina zaune ne a cikin kwalekwale a tafkin Rutland da ke tsakiyar Ingila, da safiyar wata Asabar ta watan Afrilu mai sanyin da ke ratsa ƙashi. Kifi ya kama, na yi ta fama da shi kusan minti biyar kafin in jawo shi kusa, abokin tafiyata ya zura koma ya ɗago shi. Da na zo ajiye sandar fatsa domin in cire ƙugiya, sai yatsu huɗu suka saki sandar, ɗaya ya ƙi. Yatsan zobe na hannun dama ya lanƙwashe ya kwanta a tafin hannuna kamar an ɗaure shi da zare, na yi na yi ya tashi ya ƙi tashi. Sai da na sa hannun hagu na ɗago shi, ya yi wani ƙas da na ji zafinsa har gwiwar hannu, sannan ya miƙe. Dattijon Baturen da muke kwalekwale ɗaya da shi ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗaga nasa tafin hannun ya nuna mini wani ɗan farin tabo a gindin yatsansa na tsakiya, bai ce komai ba, ya ci gaba da jifansa.

Gaskiyar magana, ba ranar ciwon ya fara ba. Na fi wata huɗu ina tashi da asuba in ji yatsan ya sandare, in na zo alwala sai na murza shi a cikin ruwan ɗumi kafin ya yarda ya motsa yadda ya kamata. A zaman tahiya, idan na naɗe yatsuna na bar manuniya, bayan sallama sauran su miƙe su bar shi a naɗe na ɗan lokaci. Duk wannan na yi masa kunnen uwar shegu, domin da hantsi ya yi yakan sake, ni kuma in manta da shi har wata asubar.

Ya kamata in yi wa wanda bai san irin wannan fatsa ba bayani, domin idan ba a fahimci yadda ake yin ta ba, ba za a gane abin da ya haɗa ta da yatsa ba. Fatsar da na sani ina yaro a bakin Kwara, a ƙasar Yawuri, ba ta da wani wahalar hannu: a samu doguwar sanda, a ɗaura zare da ƙugiya, a soka tana, a maƙala ɗan guntun dalma, a jefa a zauna jira. Nauyin dalmar ne ke jan zaren zuwa inda ake so. Wadda na koya a nan Ingila bayan na haura shekara arba'in kuwa, ba tana ba dalma. Abin da ke jikin ƙugiyar ƙwaron ƙarya ne da ake naɗawa da gashin tsuntsu da zare, a kwaikwayi ƙwarin da wani kifin ruwan sanyi mai suna tirawut ke ci a saman ruwa ko a ƙarƙashinsa. Ƙwaron ba shi da nauyin da za a iya jefa shi, saboda haka igiyar ce aka yi mai nauyi, aka lulluɓe ta da roba, ita ce ke ɗaukar ƙwaron ta kai shi. Ana ba igiyoyin lamba gwargwadon nauyin ƙafa 30 na farkonsu: lamba 5 tana da kimanin giram 9, lamba 7 kuma wajen giram 12. Kafin igiyar ta tafi, sai ka kaɗa sandar baya da gaba kamar mai kaɗa bulala, ka tsayar da ita cak a kowane ƙarshe, sannan ka saki. Idan ta sauka a ruwa, ka danne ta da yatsa a jikin mariƙin sandar, ka riƙa jawo ta da ɗaya hannun kaɗan-kaɗan har ta ƙare, ka sake kaɗawa. Wanda ya wuni a kwalekwale yakan maimaita wannan sau ɗaruruwa, kuma a duk tsawon wunin hannun dama a dunƙule yake a kan abu guda.

Tafkin Rutland kansa ba wurin wasa ba ne. Madatsar ruwa ce da aka gina a shekarun 1970, tana cikin mafiya faɗi da ɗan Adam ya yi a Birtaniya, har akwai tsohuwar majami'ar Normanton da aka cike ƙasanta da duwatsu aka bar ta tsaye a bakin ruwan kamar tsibiri. Faɗin nan ne ke sa iska ta samu filin gudu, iskar kuma ita ke sa masu fatsa ɗaukar sanda mai tsawon ƙafa 10 da igiya lamba 7, wato kayan da suka fi na ƙananan rafuka nauyi. Daga gidana a Leicester tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, shi ya sa na mayar da wurin gonata, kusan kowace Asabar daga Maris zuwa kaka.

Uwargida ce ta matsa mini zuwa asibiti, bayan ta ga abin da idonta a kan kwanon tuwo. Na yanko loma na dunƙula, na kai baki, yatsan ya ƙi komawa. Ta ajiye cokalinta ta ce, "Malam, wannan kuma ba na shafa man zafi ba ne, gobe ka kira likita, in ba ka kira ba ni zan kira." Da na gaya wa yayana ta waya, shi kuma cewa ya yi, "Sanyin ƙasar nan ne ya shige ka, ƙanena, ka dawo gida ka sha rana wata guda ka gani." Na yi dariya, amma ban raina maganarsa gaba ɗaya ba, domin duk mai wannan ciwo ya san cewa da sanyin safiya ya fi tsananta, ko da yake ba sanyin ne tushensa ba.

Likitar da ta duba ni ba ta buƙaci hoto ko wani gwaji ba. Ta danna gindin yatsan, daidai inda ya haɗu da tafin hannu, ta ce in naɗe in miƙe. Ni kaina na ji wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero yana kai-komo a ƙarƙashin yatsanta. Ta ce Turawa suna kiran ciwon da sunan kunamar bindiga, saboda yadda yatsa ke maƙalewa sannan ya fizge lokaci guda, kuma wani likitan Faransa mai suna Alphonse Notta ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1850. Da ta ji abin da nake yi ranar Asabar, sai ta ce ai ni ba ta da wahalar yi mini bayani, in tuna da zoben da ke jere a jikin sandar fatsata.

Wannan misali ya zauna mini daram, kuma har yau da shi nake fahimtar hannuna. Naman da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun yake ba, yana can a damtsen ƙasa, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga can wasu jijiyoyi masu kama da igiya suke sauka, su ratsa tafin hannu, su bi ta cikin wasu madaukai da ke manne da ƙashin yatsa, kamar yadda igiyar fatsa ke bi ta cikin zobba domin kada ta rabu da sanda idan sandar ta tanƙwara. Madaukin farko, wanda likitoci ke kira A1, yana gindin yatsa. Idan ya yi kauri ya matse, ko jijiyar ta kumbura ta yi ƙulli, sai wucewa ta zama aiki. Naman da ke naɗe yatsa ya fi mai miƙe shi ƙarfi, saboda haka yakan iya jan ƙullin ya wuce ta madaukin, amma mai miƙewa ya kasa dawo da shi. Duk mai fatsar da ƙullin da ya haɗa igiya da siririn zaren gaba ya taɓa maƙale masa a zoben ƙarshe na sanda, alhali kifi na ja, ya san wannan yanayi sarai: abu ya tsaya cik, ka ƙara ƙarfi, ya fizge ya wuce da ƙara.

Ta ce ciwon ya fi kama mata, ya fi yawa tsakanin masu shekara 40 zuwa 60, kuma yatsan zobe da babban yatsa ne suka fi shan wahalarsa. A cikin jama'a mutum 2 zuwa 3 cikin 100 ne ke gamuwa da shi a tsawon rayuwa, amma a cikin masu ciwon suga adadin yakan kai 10 cikin 100. Ni kuwa shekarata shida ina shan maganin suga. Ta ɗora alhakin a kan abu biyu, sugan da kuma yawan damƙar abu da ƙarfi, ta ce na farkon na san abin da ya kamata in yi a kansa, na biyun kuma shawara tana hannuna.

Abin da ta fara ba ni shi ne wani ɗan karan ɗori na roba da ake ɗaurawa da dare, ya hana yatsan naɗewa a cikin barci, ta ce in yi mako shida da shi, in rage duk abin da ke sa ni dunƙule hannu. Na yi biyayya ga rabin maganar. Karan na ɗaura shi kullum, kuma lallai asubahina ta yi sauƙi, amma barin tafki a watan Mayu, lokacin da ƙwarin ruwa ke ƙyanƙyashewa kifi na tasowa sama, wannan ban iya ba. Abin da na yi shi ne na zauna na binciki yadda nake riƙe sanda, kuma a nan ne na ga abin kunya.

Ashe shekara goma ina shaƙe sandar nan kamar wanda ya kama ɓarawo. Sanda ce da ba ta kai giram 150 ba, amma ina damƙar ta kamar ƙotar gatari, tun daga ɗagawa har saukewa, har ma lokacin da igiya ke kwance a ruwa ba abin da ake yi sai jira. Dattijon nan mai tabo a hannu, wanda daga baya na ji cewa tiyatar wannan ciwon ce ta bar masa shi, ya karɓi sandata wata rana ya nuna mini. Ya riƙe ta sakwa-sakwa, babban yatsa a sama, sauran kamar suna tallafe da ƙwai, ya ɗaga a hankali, sai daidai inda zai tsayar da ita ya ɗan matse na ƙiftawar ido, ya sake saki. Igiyar ta tafi ta miƙe fiye da inda nake kai ta da dukan ƙarfina. Ya ce matsewar nan ta ɗan lokaci ita ce ke tsayar da sanda, tsayawar kuma ita ce ke harba igiya, sauran damƙar duk asara ce. Na sha jin wannan magana tun ina koyo, amma ban taɓa aiki da ita ba sai da yatsa ya tilasta mini, kuma ba na jin daɗin faɗin cewa jifana ya fi kyau yanzu da hannu mai ciwo fiye da lokacin da yake lafiya ƙalau.

Abu na biyu da ya yi mini amfani sosai shi ne kaurin mariƙi. Ana yin mariƙin sandar da ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, wanda akasarinsa daga Fotugal yake fitowa, kuma nawa siriri ne, ya ƙara sirancewa saboda tsufa. Siririn mariƙi yana sa yatsa ya naɗe har ƙarshe, a ƙarshen naɗewar nan kuwa ƙullin ke tsallake madauki ya maƙale. Na shiga kantin kayan wasanni na sayi irin ƙyallen da 'yan wasan tanis ke naɗawa a mariƙin abin bugunsu, na yi wa sandar naɗi biyu. Ta yi muni ƙwarai, shuɗin ƙyalle a kan sandar da na tara kuɗi kafin in saya, kuma na ga wasu suna kallonta a bakin tafki suna murmushi. Amma yatsan ya daina kaiwa inda yake kullewa, kuma gindinsa ya daina gogar abu mai tauri. Da za a ce in zaɓi gyara ɗaya tak in bar sauran, wannan zan zaɓa.

Sauran dabarun ƙanana ne. Na koma igiya lamba 5 a duk ranar da iska ta kwanta. Na rage kaɗa sanda a sama sau huɗu ko biyar kafin in saki, na mayar da shi sau ɗaya ko biyu. Na bar irin fatsar da ake fizgar igiya da sauri domin kwaikwayon ƙaramin kifi mai gudu, na rungumi wadda ake jefa ƙwari uku a bar iska ta riƙa jan su a hankali, hannu yana hutawa a kan cinya. Idan kifi ya kama, nakan jingina gindin sandar a damtsena, in bar kwarkwaron da igiya ke naɗe a kai ya yi aikinsa maimakon in danne ta da yatsa. Ƙugiyoyina duk na danne musu ƙayar baki, domin su fita daga bakin kifi da ɗan taɓi, ba sai na yi kokawa da su ba. Ɗaurin zare kuma, wanda yake azaba ne da sandararren yatsa a cikin sanyi, a gida nake yin sa daren Juma'a a kan teburin cin abinci, in naɗe a jikin soso in tafi da shi.

Akwai kuma butar shayi ta biyu da nake ɗauka, wadda ba shayi a cikinta sai ruwan ɗumi. Kafin jifan farko nakan zuba a murfin in tsoma yatsun minti biyu ko uku, in miƙe su in naɗe a hankali, haka kuma duk bayan awa guda. A lokacin hutun nan ne na fara lura da shahon ruwan da aka dawo da irinsa tafkin daga Sikotland tun 1996, yadda yake tsayawa a sama ya auna, ya faɗo da ƙafafu ya sure kifi ya tafi, ba sanda ba lasisi. Shekara da shekaru ina zuwa wurin ban taɓa tsayawa na kalle shi da kyau ba.

Maganin kashe zafi irin su ibuprofen na gwada na bari, domin yana rage raɗaɗi amma bai hana maƙalewar ba, kuma likita ta gargaɗe ni a kan yawan shansa saboda ƙoda, tunda ina da suga. Wani abokin aiki ya kawo mini ƙwallon roba ya ce in riƙa matsawa domin hannun ya yi ƙarfi. Kwana uku na yi ina matsawa, yatsan ya kumbura ya fi da, kuma da na tuna misalin igiya da zobe sai na ga wautata, domin ba wanda ke gyara ƙullin da ke maƙalewa ta hanyar jan sa da ƙarfi sau ɗari a rana.

Duk da waɗannan gyare-gyare, zuwa watan Yuli abin ya dawo da ƙarfinsa, har musafaha ta zama abin fargaba a ƙofar masallaci, musamman da samarin nan masu matse hannu kamar suna gwada ƙwanji. Sai aka yi mini allurar sitiroyid, wato allurar rage kumburi, a gindin yatsan. Ba zan ɓoye ba, allura ce mai zafi, tafin hannu wuri ne mai jin ciwo, kuma na kwana biyu ina jin kamar na dafa garwashi. An gaya mini tun kafin a yi cewa tana yi wa mutum 50 zuwa 70 cikin 100 aiki, cewa ga masu suga ba ta cika ɗorewa ba, kuma za ta iya ɗaga sugan na 'yan kwanaki. Haka kuwa aka yi, na'urar awona ta nuna mini lambobin da ban saba gani ba kusan mako guda, sannan suka sauka. Bayan kamar mako biyu na tashi wata asuba na yi alwala na gama, sai da na tayar da salla na tuna ban murza yatsa ba. Na ƙarasa kakar bara lafiya, da mariƙina mai shuɗin ƙyalle da butata ta ruwan ɗumi, domin ban yarda in koma tsohuwar ɗabi'a ba don kawai zafi ya tafi.

Wata takwas allurar ta ɗauke ni. A farkon bazarar bana ƙullin ya sake bayyana, da farko ɗan ƙas ne mara zafi, yanzu kuma ya koma sai na sa hannun hagu. Likita ta ce ana iya ƙara allura ta biyu, amma ba a son a yi ta maimaitawa a wuri guda saboda tana iya raunana jijiyar, kuma ga mai irin lalurata tiyata ta fi tabbas. Aikin ƙarami ne: a kashe wurin da allura ina farke, a ɗan tsaga tafin hannu, a yanke madaukin A1 domin jijiya ta samu hanya, sauran madaukan da ke gaba su ci gaba da riƙe ta. Yakan ɗauki kamar minti 20, a koma gida ranar, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, sannan a yi wasu makonni kafin a koma damƙar abu da ƙarfi.

Na amince za a yi, amma na roƙi a sa ni a jerin masu jira ta yadda zai faɗo a cikin hunturu. Likitar ta tambaye ni ko wata tafiya ce da ni, na ce a'a, a watan Maris ake buɗe sabuwar kakar fatsa, ina so zuwa lokacin tabon ya warke. Uwargida da ke zaune a gefe ta girgiza kai ta ce, "Likita, ki rubuta masa yadda yake so kawai, ni na gaji." Kafin lokacin ina nan ina koyon jifa da hannun hagu a filin ƙwallon da ke bayan gidanmu, da ɗan guntun ulu a madadin ƙugiya. Makon jiya na kai igiyar wajen ƙafa 40 sau biyu, sau ɗaya kuma na naɗe ta a wuyana, yaran unguwa suna tsaye a bakin waya suna kallo.